Gajiyar Tsufa da Sabunta Zuciya: Darasi daga Bishop Ajayi

Gajiya iri biyu ce. Akwai gajiyar jiki, wadda manomi ya kan kwaso daga gona, ya ci tuwo, ya kwanta, da safe ya tashi garau. Akwai kuma gajiyar zuciya, wadda barci ba ya maganinta. Ita ce ta kan sami mutum bayan ya manyanta, sa'ad da ya waiwaya ya dubi aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, ya ga kamar ya yi shuka a kan dutse. Abokan tafiyarsa sun riga shi kwanta dama, yaran da suka taso ba su san wahalar da ya sha ba, har ibadar da a da ya ke jin daɗinta ta zama masa kamar kaya a ka.

To, a nan akwai tambayoyi biyu da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansu. Shin wannan irin gajiya alamar raunin bangaskiya ce, har mai ita ya ji kunyarta ya ɓoye? Shin kuma zuciyar da ta karaya a tsufa tana iya sabuntuwa, ko kuwa abin da ya tafi ya tafi ke nan? Mabiya addinin Almasihu sun daɗe suna tunani a kan wannan al'amari, suna kuwa da amsar da su ke bayarwa. Za a fi gane amsar in an aza ta a kan rayuwar wani dattijo nasu da ya yi aiki a bakin Kwara, watau Bishop Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Oshogun cikin ƙasar Yarabawa. A 1821, zamanin yaƙe-yaƙen da suka rushe daular Oyo, mahara suka faɗa wa garinsu, suka kama shi, suka raba shi da uwarsa. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin 'yan cinikin bayi na Fotugal. A 1822 mayaƙan ruwa na Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo, suka 'yanta su. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na makarantar Fourah Bay a 1827. A 1841 ya shiga ayarin jiragen da suka hau Kwara, inda zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa. A 1843 aka naɗa shi limamin Kirista a Ingila. A 1846, a Abekuta, ya sadu da uwarsa bayan rabuwar shekara 25.

Daga nan aikinsa ya yi ta bunƙasa. Ya sake hawa Kwara da Binuwai a 1854 tare da Likita Baikie, tafiyar da aka yi amfani da kwinin ba a rasa ran kowa ba. A 1857 ya kafa aikin mishan a Anaca. Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, shi ne kuwa baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a ɗarikar Angalikan. Ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya rubuta littattafan koyon Nufanci da harshen Ibo. Ya sha zuwa Bida wurin Etsu Masaba, suna zama da mutunci ko da ya ke addininsu dabam. Daga baya ma Etsu Maliki ya aika masa da takarda yana kukan ɓarnar da barasa ta ke yi wa ƙasarsa, yana neman ya kai maganar gaban Sarauniyar Ingila. Sarki ba ya kai kuka irin wannan sai wurin wanda ya amince da shi.

Kada a ɗauka duk tafiyar nan a kan shimfiɗa ya yi ta. A 1857 jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. A 1867 wani basarake a yankin Idah ya tsare shi yana neman fansa, har wani Bature ya rasa ransa wajen ceto shi. Amma waɗannan wahalu sun same shi da sauran ƙarfinsa, kuma daga waje suka zo. Wadda ta fi su zafi tana jiransa a gaba, daga cikin gida.

Henry Venn, magatakardan ƙungiyar mishan ta C.M.S. a London, wanda ya tsaya tsayin daka a kan cewa 'yan Afirka su riƙe majami'arsu da kansu, ya mutu a 1873. Matar Ajayi, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, ta mutu a 1880 bayan zaman aure na shekara 50 da ɗoriya. Uwarsa ta bi ta a 1883. A wannan zamani kuma ra'ayin Turawa game da baƙar fata ya sake. Ciniki a Kwara ya koma hannun kamfanin Turawa guda, wanda ya sami takardar izinin mulki a 1886, aka yi ta ture 'yan kasuwa baƙaƙe. Cikin mishan ma aka fara cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba tukuna.

Gaskiya ita ce aikin Kwara yana da aibu. Tashoshin suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, waɗansu ma'aikata sun shagala da ciniki, waɗansu sun aikata laifi mai muni, shi kuwa bishop mutum ne mai sanyin hali, ya fi son jan kunne da kora. Amma maganin da aka kawo ya fi cutar zafi. A 1890 waɗansu samarin Turawa masu zafin ibada suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka a Lakwaja da nufin kai wa'azi ƙasar Hausa. A watan Agusta na shekarar aka yi taron kwamiti a Anaca. A gaban tsohon, wanda ya haura shekara 80, magatakardan kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, babban limamin yankin bakin teku. Waɗansu daga cikin masu yi masa wannan hukunci ba a haife su ba sa'ad da ya fara hawa Kwara. Ajayi ya ajiye kujerarsa a kwamitin.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan hali. Mutum ya yi kusan shekara 50 yana gini, sa'an nan a ce masa a bainar jama'a ginin ruɓaɓɓe ne. Masu faɗin haka kuwa 'yan'uwansa ne a addini, suna karanta littafin da ya ke karantawa, suna addu'a da sunan da ya ke addu'a da shi. Ba shi da sauran shekarun da zai sake gini. Ga wanda ya kai nan hanyoyi masu sauƙi suna buɗe, dukansu kuwa ramuka ne. Yana iya ɗaukar gaba, ya ƙare kwanakinsa yana zagi. Yana iya komawa zaman tuna da, ba ya maganar komai sai zamanin da ya wuce. Yana iya fid da rai gaba ɗaya, ya ce ashe Allah bai kula da aikin ba tun farko.

A irin wannan wuri malaman Kirista su kan kawo labarin Annabi Iliya, wanda Musulmi su ke kira Ilyasu, kamar yadda ya zo a Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 19. Iliya ya yi babbar nasara a kan annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel. Amma da Yezebel matar Sarki Ahab ta aiko masa cewa za ta kashe shi, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyersheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ga annabi guda, wanda ya tsaya gaban sarki bai ji tsoro ba, ya gaji har yana neman mutuwa. Littafin bai ɓoye wannan ba, kuma bai ce an tsauta masa saboda shi ba. Daga nan su ke ɗauko amsar tambaya ta fari: gajiyar zuciya ba ita ce rashin bangaskiya ba, tana samun manyan bayin Allah. Haka kuma Zabura ta 71 addu'ar tsoho ce mai furfura, wanda ya ke roƙon kada a yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Tun da an sa irin wannan kuka cikin littafin addu'a, ashe an yarda mai ibada ya yi shi ba tare da kunya ba.

Abin lura kuma shi ne yadda aka bi da Iliya daki daki. Da farko ba a yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwantawa, aka sake tashe shi ya ci. Watau jiki yana da hakkinsa, sau da yawa kuma abin da tsoho ya ke zato mutuwar bangaskiya ce, yunwa ce, ko ciwo, ko rashin barci, ko kaɗaici. Bayan wannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, ya shiga kogo. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma ba ta cikinsu Allah ya yi masa magana ba, sai ta wata murya 'yar siririya bayan komai ya lafa. Mutumin da ya saba ganin ikon Allah cikin manyan ayyuka, aka koya masa ya saurare shi cikin shiru. Sa'an nan aka gyara masa lissafinsa. Shi yana cewa shi kaɗai ya rage, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba. Daga ƙarshe aka mai da shi bakin aiki, cikin aikin kuwa har da naɗa Elisha wanda zai gaje shi.

Manzo Bulus ma ya ɗanɗana wannan. Cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti an ga tsoho a kurkuku, yana faɗin yadda abokinsa Dimas ya rabu da shi, da yadda ba wanda ya tsaya masa ran da aka fara yi masa shari'a. Duk da haka ya roƙa kada a ɗora musu laifin, ya kuma ce a kawo masa mayafinsa da littattafansa kafin sanyi ya shigo. Wanda ya fid da rai ba ya aika a kawo masa littafi. A wata wasiƙar ya koyar da cewa mutum kamar biyu ne, na waje da na ciki, na waje yana lalacewa, na ciki kuwa ana sabunta shi kowace rana. Kalmar kowace rana ita ce gishirin maganar. A koyarwarsu ba a ba mutum ƙarfin shekara goma a dunƙule, sai na yini guda, kamar yadda addu'ar da Almasihu ya koya wa almajiransa ta ke roƙon abincin yini.

Abin ya yi kama da tsohuwar rijiya. In ruwanta ya ja baya, mai gaggawa ya kan ce ta mutu, a je a haƙa wata. Mai sanin rijiya kuwa ya kan ce a yashe ta. A kan shiga a kwashe laka da tsummoki da fasassun tukwanen da suka taru shekara da shekaru, sai idon ruwa ya buɗe. Ruwan ba mai yasa ne ya kawo shi ba, yana nan tun da, toshewa ya yi. Haka Kirista su ke cewa ƙarfin zuciya kyautar Allah ce, mutum ba ya ƙago shi. Abin da ke wuyansa shi ne kwashe abin da ya toshe: ƙullatar waɗanda suka cuce shi, son a yaba masa, da zaton cewa aikin Allah ba zai tafi ba sai da shi. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar fita, domin ya kan ɓuya cikin rigar himma.

To, yaya Ajayi ya yi? Ba mai iya shiga zuciyar wani, amma ana gane itace ta wurin 'ya'yansa. Bai fita daga majami'arsa ba, ko da ya ke a Ikko ran mutane ya ɓaci ƙwarai, har waɗansu suka ɓalle suka kafa majami'ar 'yan Afirka a 1891. Da ya so ya ja rabin jama'a ya tafi da su, da sun bi shi. Bai yi ba. Ya amsa zarge-zargen da aka yi masa a rubuce, cikin natsuwa. Ya koma yankin bakin teku, wajen Bonny, inda majami'u suka yi ƙarfi, ya goyi bayan shirin da aka yi na cewa majami'un nan su riƙe kansu da kuɗinsu da limamansu, ba tare da sun fita daga ɗarikar ba. Watau tsohon da aka ce aikinsa ya rushe ya ƙare kwanakinsa yana shirya wa na bayansa wurin tsayawa, kamar yadda aka umurci Iliya. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, aka kai shi Ikko. Ya mutu ran 31 ga Disamba, 1891. A watan Afrilu na 1892 majami'un bakin teku suka fara riƙon kansu a ƙarƙashin ɗansa Dandeson.

Mai gardama yana iya cewa, “Ina sabuntawa a nan? An wulakanta tsoho, ciwo ya kama shi, ya mutu. Wannan duk maganar lallashi ce.” Gardamar tana da nauyi, bai kamata a ture ta da hannu ɗaya ba. Gaskiya ne ƙarfin jikinsa bai komo ba, kujerarsa ba ta komo ba, bai kuma ji an ba shi haƙuri da kunnensa ba. In sabuntawa ita ce komowar ƙuruciya ko cin nasara a kan abokan gaba, to, bai same ta ba, ba kuwa tsohon da zai same ta. Amma abin da a ke nufi shi ne mutum ya kai ƙarshen tafiyarsa ba a ƙwace masa halinsa ba. An iya ƙwace wa Ajayi mulkin mishan. Ba a iya mai da shi mai gaba ba, ba a kuma iya sa shi ya daina aiki ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Wani kuma yana iya cewa irin wannan haƙuri shi ke ba azzalumi ƙarfi. A nan sai a rarrabe tsakanin haƙuri da mutuwar zuciya. Mai mutuwar zuciya ya kan ce duk abin da aka yi daidai ne, don a bar shi ya huta. Ajayi bai ce daidai ne ba. Ya ƙi zama a kwamitin da ya taka ikonsa, ya faɗi gaskiyarsa, ya nemi hanyar da jama'arsa za su tsaya da ƙafarsu. Abin da ya bari shi ne ramuwa. Mutum yana iya ƙin zalunci iyakar ƙarfinsa ba tare da ya bar ƙiyayya ta yi sheƙa a ransa ba, wannan kuwa ya fi zagi wuya nesa ba kusa ba.

Su ma samarin nan bai kamata a mai da su dodanni ba. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya mutu a Lakwaja a 1892, dukansu a bakin aikin da suka ba da ransu dominsa. Himma gare su, amma himmar da ba ta da ladabi, ga kuma rainin baƙar fata irin na zamaninsu. Sun manta abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Bayan Ajayi aka naɗa Bature a gurbinsa, baƙaƙe kuwa sai mataimakan bishop, har 1952 kafin a sake danƙa wa ɗan ƙasa riƙon yanki a Nijeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya tsaya cikin majami'ar da aka naɗa shi ya bayyana nadama da kunya a kan abin da aka yi masa. Gaskiya ta yi halinta, amma bayan shekara 122 da binne mai ita. Wannan ya nuna wanda ya jingina kwanciyar ransa a kan sai mutane sun gane shi, zai daɗe yana jira. Dole ya sami wani wurin jingina tun yana da rai.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi tsoho, ya shafi yaro. Tsohon da ya ji zuciyarsa ta yi sanyi kada ya ƙara wa kansa kaya da cewa ya zama marar bangaskiya. Ya kula da jikinsa, ya je asibiti in ciwo ne, ya faɗi damuwarsa ga Ubangijinsa da kuma wani amini. Kada ya bar ibadar yau da kullum don ba ya jin daɗinta, gama mai jinya ya kan ci abinci ko bakinsa ba ɗanɗano, abincin kuwa yana yi masa aiki. Kada ya janye daga jama'a, domin kaɗaici shi ke sa mutum ya yi lissafi irin na Iliya. Ya nemi ɗan aikin da ƙarfinsa zai iya, ko da koya wa jika karatu ne, ko sulhunta maƙwabta. Ya kuma saki ragama ga na baya da hannunsa tun ba a fizge ta ba.

Yaro kuwa, musamman wanda ya sami ilmin da iyayensa ba su samu ba, ya yi hattara. Yana yiwuwa ya ga kuskure a aikin magabata, kuskuren kuwa na gaske ne. Gyara wajibi ne, amma akwai gyaran da a ke yi a ɗaki, da murya ƙasa ƙasa, bayan an tambayi dalili. Wanda ya kunyata dattijo a gaban jama'a ya rushe abin da ba ya iya ginawa, shi ma kuwa furfura tana nan tafe. Sau da yawa gurasa da ruwan da za su tashi tsohon da ya karaya a hannun wani yaro su ke, ko ta gaisuwa, ko ta neman shawara, ko ta zama a saurari labarinsa har ƙarshe.

Allah ya ba tsofaffi ƙarfin zuciya, ya ba yara ladabi, ya sa kowa ya gama da duniya lafiya.